Kumburi, Ɓera da Makantar Kogi

Mai tafiya daga Bolgatanga zuwa Bawku a arewacin Ghana yakan tsallake manyan koguna biyu, Jar Volta da Farar Volta. Da a shekarun 1960 ya bi hanyar, da ya ga abin da zai ɗaure masa kai. A bakin kogi, inda ƙasa ke da dausayi kuma ruwa ke kusa, ba kowa sai kufai da ciyawa. A kan tudu kuwa, inda ƙasa ta gaji har ba ta iya ba da dawar kirki, nan mutane suka cunkushe. Wani masanin labarin ƙasa mai suna John Hunter ya nazarci yankin Nangodi da ke kan wannan hanya, ya wallafa abin da ya gano a 1966. A ganinsa abin zagayawa yake yi. Yunwa da ƙarancin gona su tura mutane gangare zuwa bakin ruwa, su yi noma su samu, bayan wasu shekaru idanun magidanta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai sauran su kwashe komatsansu su koma tudu. In an daɗe, yunwa ta sake koro jikokinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wasu ƙauyukan Afirka ta Yamma kusan rabin mazan da suka haura shekara 40 makafi ne a wancan zamani.

Ba ƙasar Bawku kaɗai ba. Kogin Daka, wanda mutanen Yendi ke shan ruwansa, yana gangarawa kudu ya bi ta gabashin Salaga kafin ya faɗa Volta, ga kuma Oti ta gabas da shi. Waɗannan ne kogunan da fataken goro daga Kano da Katsina suka yi ta tsallakewa a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, kuma duk inda ruwansu ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, nan wani ɗan baƙin ƙuda ke zuba ƙwai. Da rana yake cizo. In ya ciji mai cutar makantar kogi ya ɗauki 'ya'yan tsutsa, su yi kamar mako guda ko fiye a cikinsa, sannan ya zuba su a jikin wani.

A jikin mutum tsutsar takan girma ta dunƙule a ƙarƙashin fata, ta zama ƙullutu mai tauri wanda hannu ke iya ji a kan ƙugu, ko haƙarƙari, ko gwiwa. Macen takan kai kamu guda a tsawo, siririya, tana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15, kuma kullum tana zuba 'ya'ya wajen dubu. Su 'ya'yan ido ba ya ganinsu, don ukunsu ne za a jera kafin a cika milimita ɗaya. Su ne ke yawo cikin fata, su ne kuma ke shiga ido. Harold Ridley, likitan idon nan na Ingila, ya je Funsi a arewa maso yammacin Ghana a 1944 ya duba idanun mutane da fitila da madubi, ya wallafa bayanin abin da ya gani a 1945.

Ga inda maganar take. Likitan da ya leƙa idon mai cutar yakan ga 'ya'yan tsutsa da ransu suna wutsil-wutsil cikin ruwan ido, kewayensu garau, ba wata ɓarna. Sai inda ɗaya ya mutu ake ganin ɗan farin ɗigo ya kewaye gawar. Ɗigon yakan baje. Amma idan dubbai suna mutuwa shekara bayan shekara, sai siririyar fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya, ta fara yin hazo daga gefe, jijiyoyin jini su kutsa cikinta, a ƙarshe ta zama farin tabo. Tsutsar ba ta cin ido. Jikin mutum ne da kansa, a ƙoƙarin kare kansa, yake rufe idon.

Mene ne kumburi?

Kowa ya taɓa yin maruru, ko ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa. Wurin yakan tashi, ya yi zafi a hannu, ya riƙa zogi, a farar fata kuma ya yi ja. Wani marubucin Rum, Celsus, ya lissafa waɗannan alamu huɗu tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, wurin sai dai ya yi duhu yana sheƙi, kuma ya kamata ɗalibanmu na aikin lafiya su riƙe wannan, domin yawancin hotunan littattafansu na farar fata ne.

Mun saba ɗaukar kumburi a matsayin ciwon kansa. Gaskiyar ita ce aiki ne jiki ke yi. A cikin kowane nama akwai wasu fararen ƙwayoyin halitta da ke zaman gadi, ana ce musu makrofej. Elie Metchnikoff ne ya fara lura da irinsu a 1882 a garin Messina, lokacin da ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku ya ga ƙwayoyi sun taru sun kewaye ta. Da makrofej ya ji alamar baƙon abu, sai ya saki wasu sinadarai masu ɗauke da saƙo, waɗanda ake kira saitokin. Fitattu a cikinsu su ne TNF da IL-1 da IL-6. Saƙon yakan sa ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, jini ya ƙaru a wurin, shi ne zafi da ja. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, shi ne tashin wurin. Sannan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil su manne a bangon jijiya, su ratsa ta, su bi ƙanshin saƙon har inda baƙon yake. Nutrofil ba ya lallashi. Yakan haɗiye ƙwayar cuta, ya kuma fesa sinadarai masu ƙuna da masu narkar da nama, sannan ya mutu a wurin. Mugunyar da ake matsewa daga maruru, galibinta gawarwakinsa ne.

Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da ihun “ɓarawo!” ke haifarwa. Mutum ɗaya ya kwarma, na kusa su amsa, kafin ƙiftawar ido kasuwa ta ɗinke, kowa da sanda. Sau da yawa ana kama ɓarawon. Amma in ba a samu dattijon da zai ɗaga hannu ya ce ya isa ba, to tumatir ɗin mai tumatir ya tattake, rumfa ta karye, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya sha duka. Tambayoyi biyu ke nan masana suka daɗe suna nema wa amsa: me ke sa a kwarma ihun, kuma wa ke tsayar da shi? A fatar ƙafa ɗan tabo ba komai ba ne. A koniya kuwa, wadda duk amfaninta shi ne haske ya ratsa ta, tabo makanta ne.

Ɓeran da bai ji ba

Ba za a iya samun amsar a jikin mutum kai tsaye ba, don ba wanda zai yarda a cire wa ɗan Adam wani ɓangare na halittarsa a ga abin da zai faru. Shi ya sa aka koma wa ɓera. Yana haihuwa cikin mako uku, garkuwar jikinsa ta yi kama da tamu a manyan abubuwa, kuma tun farkon ƙarni na 20 ake haɗa 'yan uwa na jini ɗaya har aka samu zuriyoyin da kowane ɓera a cikinsu kamar tagwayen ɗan uwansa yake. Idan ɗaya ya bambanta, to bambancin na da dalili guda da za a iya bin sawunsa.

A shekarun 1960 aka lura da wata zuriya a ɗakin kiwon ɓeraye na Jackson da ke jihar Maine a Amurka, mai suna C3H/HeJ. Akwai wani sinadari a bangon wasu bakteriya, LPS, wanda in aka yi wa ɓera allurarsa da yawa sai jininsa ya faɗi, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali ba ƙwayar cuta mai rai ko guda a cikin allurar. Waɗannan ɓeraye kuwa ko gezau. Sai dai kuma in an ba su bakteriyar Salmonella mai rai, 'yar kaɗan ta ishe ta kashe su. Wato ba ƙarfi ne da su ba, ji ne ba sa yi. Bruce Beutler da abokan aikinsa a Dallas sun shafe shekaru biyar suna laluben inda matsalar take, har a 1998 suka same ta a ƙwayar gado guda da ke ƙera wani maji a jikin makrofej, mai suna TLR4. Shekara biyu kafin nan Jules Hoffmann a Faransa ya nuna cewa ɗan uwan wannan maji ne ke kare ƙudan 'ya'yan itace daga naman gwari. Su biyun suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta 2011. A Osaka ta Japan kuma Shizuo Akira ya yi ta samar da ɓeraye da aka cire wa waɗannan majiya ɗaya bayan ɗaya, har aka gane abin da kowanne ke ji.

Daga maji zuwa ihu akwai hanya. In TLR ya kama abin da yake jira, yakan miƙa saƙo ta hannun wani furotin, MyD88, zuwa cikin ƙwayar. A can akwai wani mai suna NF-kB, wanda kullum yake ɗaure a hannun wani furotin da ke riƙe shi. Saƙon ya sa a narkar da mai riƙon, NF-kB ya kuɓuta ya shiga cibiyar ƙwayar, ya buɗe ƙwayoyin gadon da ke ƙera TNF da sauran saitokin. Duk wannan cikin mintuna ne.

To mene ne a gawar ɗan tsutsa da ke tada wannan? An daɗe ana zaton naman tsutsar ne kawai. Amma tun a shekarun 1970 masu duba tsutsotsin da babban madubin lantarki suka ga wasu bakteriya zaune cikin jikinsu, ba a dai ba abin muhimmanci ba. A 1995 masu bincike a Italiya suka tabbatar cewa dangin Wolbachia ne, wadda aka sani a jikin ƙwari. Tsutsar ba ta iya hayayyafa in babu ita, kuma uwa ce ke gadar wa 'ya'yanta ta cikin ƙwai.

Gwajin da ya haɗa zaren ya fito a mujallar Science a 2002, daga ɗakin binciken Eric Pearlman a Cleveland tare da abokan aiki na Jamus da Ingila. Sun samo tsutsotsi iri biyu daga ƙullutun da aka fiɗa a jikin masu cutar: na waɗanda suka sha maganin doksisaikilin, wanda ke kashe Wolbachia, da na waɗanda ba su sha ba. Suka niƙa kowanne, suka ɗauki ɗan ruwan da siririyar allura suka zuba cikin koniyar ɓera. Idon da aka sa wa ruwan tsutsa mai Wolbachia ya cika da nutrofil, koniya ta yi kauri ta yi hazo. Wanda aka sa wa ruwan tsutsar da aka raba da bakteriyarta, ɓarnar ta ragu ƙwarai. Da aka maimaita a idon C3H/HeJ, ɓeran nan da ba ya ji, nan ma hazon bai kai na sauran ba. Binciken da ya biyo baya ya gyara wani ɓangare na labarin: an gano cewa manyan majiyan da ke kama Wolbachia su ne TLR2 da TLR6, kuma wani furotin mai maiƙo a jikinta suke ji. Tushen maganar dai bai sauya ba. Ɗan tsutsa ya mutu, bakteriyar cikinsa ta fito, ƙwayoyin gadin ido su ji ta, su kira nutrofil. Naman tsutsar ma yana da nasa rabon, domin yana jawo wasu ƙwayoyin da ake kira iyosinofil, amma a ɓera nutrofil ne suka fi ɓata hasken koniya.

Wannan ya fassara wani abu da tsofaffin ma'aikatan lafiya na Arewa suka sani da idonsu. Kafin zuwan maganin Mectizan, maganin da ake bayarwa shi ne DEC, wanda aka fi sani da Banocide. Yana kashe 'ya'yan tsutsa farat ɗaya, kuma cikin 'yan sa'o'i mai cutar zai kama susa kamar zai yage fatarsa, ga zazzaɓi, ga kaluluwa, fuska ta kumbura, wani har ya kasa tsayuwa. Luis Mazzotti na Meziko ya bayyana wannan a 1948. Mafi muni, ganin wasu ya ƙara lalacewa bayan shan maganin. Daga baya an auna jinin masu irin wannan hali aka ga burbushin Wolbachia na ƙaruwa a ciki gwargwadon tsananin abin da suke ji.

Masu cewa ya isa

Da jiki kunnawa kawai ya iya, da ƙaya ɗaya ta isa ta kashe mutum. Abin da ya fi burge ni a wannan ilmi shi ne cewa umarnin tsayawa a cikin umarnin farawa yake. Daga cikin ƙwayoyin gadon da NF-kB ke buɗewa har da wadda ke ƙera mai riƙonsa, saboda haka bayan ɗan lokaci sai a sake kama shi a fitar da shi daga cibiya. Yana kuma buɗe wata mai ƙera furotin A20, wanda ke datse hanyar saƙon daga sama. A shekarar 2000 aka samar da ɓerayen da ba su da A20 a Chicago. Kumburi ya mamaye hantarsu da ƙodarsu da hanjinsu da gaɓoɓinsu, suka rame suka mutu da ƙuruciya.

Makrofej ɗin da ya fara kiran shi ne kuma ke share fage. In ya haɗiye gawar nutrofil sai halinsa ya sauya, ya daina sakin TNF, ya koma sakin saitokin masu kwantar da hankali, irin su TGF-beta da IL-10. A 1993 masu bincike a Kolon ta Jamus suka cire wa ɓeraye ƙwayar gadon IL-10. An haife su lafiya, amma da suka tasa sai hanjinsu ya kumbura, suka yi ƙarancin jini, girmansu ya tsaya. Bayan wasu shekaru aka rene irinsu a keɓe, inda ba bakteriya ko ɗaya a cikinsu, sai ba su yi ciwon ba. Ashe bakteriyar hanji ta yau da kullum, wadda ke cikin kowannenmu, ita suke yaƙa. IL-10 ne ke hana mu yin haka kowace rana.

Akwai kuma ƙwayoyin da aikinsu ke nan kacokan. A ƙarshen shekarun 1940, a Oak Ridge ta jihar Tennessee, aka ga wasu 'ya'yan ɓera maza da fatarsu ke saɓa tana ɓamɓarewa, saifa da kaluluwarsu sun kumbura, suna mutuwa cikin 'yan makonni. Aka ci gaba da riƙon zuriyar ta hanyar matan fiye da shekara hamsin ba a san dalili ba. A gefe guda, Shimon Sakaguchi na Japan yana bin wani sawu: in an cire wa ɗan ɓera wani ɗan ƙullin nama da ke ƙirjinsa, taimus, yana da kwana uku a duniya, jikinsa kan juyo ya far wa gaɓoɓinsa. A 1995 ya nuna cewa akwai wani ƙaramin rukuni cikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, wanda ke tsawata wa sauran, in an cire shi ciwo ya tashi, in an mayar ya lafa. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a ɓerayen Oak Ridge, suka sa mata suna Foxp3, aka kuma ga ita ce ke lalacewa a wata cuta mai kisa da ke kama jarirai maza. A 2003 Sakaguchi ya nuna cewa Foxp3 ce ke mayar da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Su ukun aka ba Nobel ta 2025.

Tsutsa ta san da wannan ƙofa, kuma ta nan take shiga. Halittar da za ta yi shekara goma sha a jikin mutum ba za ta rayu da faɗa ba. Tsutsar makantar kogi ba ta girma a jikin ɓera, don haka ake amfani da wata 'yar uwarta, Litomosoides. A 2005 masu bincike a Edinburgh suka nuna cewa ɓeran da ke ɗauke da ita yakan tara ƙwayoyin T masu tsawatarwa a inda take zaune, kuma da aka raunana su da allura sai garkuwar ta farfaɗo ta kashe yawancin tsutsotsin.

A jikin mutane ma haka abin yake, fuska biyu. Yawancin masu cutar suna ɗauke da 'ya'yan tsutsa birjik a fata, amma jininsu cike yake da IL-10 da TGF-beta, kumburin bai yi tsanani ba. Wasu tsiraru kuwa, an fi ganinsu a Yaman da Sudan, jikinsu ya ƙi sulhu. Da ƙyar ake samun ɗan tsutsa a fatarsu, amma ƙafa guda takan yi baƙi ƙirin, ta yi kauri, ga ƙaiƙayin da ke hana barci. Haka ma a cutar tundurmi da gwaiwa, wadda sauro ke yaɗawa kuma aka san ta a arewa maso gabashin Ghana: sau da yawa wanda jininsa ke cike da 'ya'yan tsutsa ƙafarsa ƙalau take, mai ƙatuwar ƙafar kuma a nema a jininsa a rasa. Ba za a ce ɗaya ya fi ɗaya sa'a ba. Mai sulhu yana tara tsutsa, kullum wasu na mutuwa a idonsa kaɗan-kaɗan har hazon ya taru, kuma daga fatarsa ƙuda ke ɗiba ya kai wa maƙwabci.

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya duba wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a zangunanmu. Ana shiga kemis a sayi deksametason don ciwon gaɓoɓi, ko don ƙiba, ko a ɗiga maganin ido mai irin sinadarinsa don ido ya yi ja. Waɗannan magunguna suna kashe kumburi da ƙarfi, hanyar NF-kB ɗin nan suke toshewa, shi ya sa mutum ke jin sauƙi nan take. Amma ba sa bambanta ihun gaskiya da na ƙarya. In akwai gyambo a koniya wanda ƙwayar cuta ta haddasa, ɗigon na iya ba ta damar cinye idon, kuma yawan amfani da shi na ɗaga matsin ruwan ido. Mai jan ido a ƙasar Kusasi gara ya kai kansa sashen ido na asibitin Presbyterian da ke Bawku, wanda ya daɗe da yin suna a wannan aiki, da ya saya wa kansa ɗigo.

Daga keji zuwa ƙauye

An fara cin ƙarfin cutar tun kafin a san duk wannan. A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka ta Yamma, hedkwatarsa a Wagadugu, da ƙasashe 7 ciki har da Ghana da Nijar, daga baya suka kai 11. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna mako-mako suna zuba maganin kashe 'ya'yan ƙuda. Da aka rufe shirin a 2002, lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma buɗe hekta miliyan 25 ta ƙasar noma. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da Mectizan kyauta har sai an gama da cutar. Shi ma wannan magani a jikin ɓera mai tsutsar hanji aka fara ganin ƙarfin asalinsa, daga wata bakteriyar ƙasa da Satoshi Omura ya tono a Japan ya aika wa William Campbell na kamfanin Merck. Likitan Ghana Kwablah Awadzi, wanda ya yi aikin gwajin magungunan cutar a Tamale sannan a Hohoe, yana cikin waɗanda suka tabbatar da ingancinsa a jikin mutane. Fifikon Mectizan a kan Banocide shi ne 'ya'yan tsutsar da ke cikin ido a hankali suke raguwa, ba sa mutuwa tashi ɗaya. A watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da cutar.

Sai dai Mectizan ba ya kashe uwar tsutsa, yana dakatar da haihuwarta ne na wasu watanni. Shi ya sa mai rabon magani ke dawowa ƙauye da sandarsa ta awon tsawo, ya tsayar da mutum a jikinta, ya ƙirga masa ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, shekara da shekaru. A 2007 Mike Osei-Atweneboana da abokansa suka ba da rahoton cewa a wasu ƙauyukan Ghana 'ya'yan tsutsa na dawowa fata da sauri fiye da yadda aka saba, duk da shekarun da aka yi ana sha. Ghana ta koma rabo sau biyu a shekara a wuraren da cutar ta yi katutu.

A nan aikin ɓera ya yi rana. A 1999 Achim Hoerauf na Jamus ya ba ɓeraye masu Litomosoides maganin tetarasaikilin, bakteriyar cikin tsutsar ta mutu, tsutsar ta kasa girma da haihuwa. A shekarar da ta biyo baya shi da Ohene Adjei da abokansu na cibiyar bincike ta KCCR a Kumasi suka wallafa sakamakon gwaji a jikin mutane a Ghana: doksisaikilin kullum har mako shida ya kawar da Wolbachia, ya mayar da matan tsutsar juya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yana kashe da yawa daga cikinsu a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ba tare da tashin hankalin Banocide ba. Alexander Debrah da abokansa sun kuma ga yana rage kumburin ƙafa ga masu tundurmin da bai yi nisa ba.

Duk da haka ɓera ba mutum ba ne, kuma wanda ya manta da wannan zai yaudari kansa. Nutrofil sun kai rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin jinin mutum, a ɓera ba su wuce rubu'i ba. Ɓeran bincike yana zaune a keji mai tsabta, abincinsa a aune, bai taɓa yin zazzaɓin cizon sauro ba. Manomin bakin Daka kuwa garkuwar jikinsa ta yi karo da maleriya da tsutsar ciki da rani mai yunwa tun yana goye. Allurar da aka yi wa koniyar ɓera sau ɗaya ba daidai take da shekara ashirin na mutuwar 'ya'yan tsutsa a idon mutum ba. Ɓera yana nuna inda za a duba, amma hukunci sai an auna jinin mutanen da cutar ke damu, a inda suke zaune. Saboda haka cibiyoyi irin su Noguchi a Legon, da KCCR, da cibiyar binciken lafiya ta Navrongo suke da muhimmanci, kuma saboda haka nake fatan ganin 'ya'yan zangunan Salaga da Yendi da Bawku a cikinsu suna riƙe da madubi, ba miƙa hannu a ɗebi jini kaɗai ba.

Doksisaikilin kansa yana da iyaka. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara, kuma samun manomi ya sha ƙwaya kullum har mako huɗu zuwa shida a tsakiyar damina ba ƙaramin aiki ba ne, balle a ce gari guda. A 2007 wata ƙungiyar masu bincike ƙarƙashin makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool ta fara tace sinadarai masu ɗimbin yawa, tana neman wanda zai kashe Wolbachia cikin kwana bakwai ko ƙasa da haka. Duk wanda ya nuna alama a kwalba, ana fara ba ɓeran da aka dasa wa tsutsa a ciki, a ƙirga bakteriyar da ta rage, kafin a yi maganar kai shi asibiti.